Faɗuwar Dogo a Zauren Guguwa

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma wayar da ke kan kantar caji ofis ta yi ƙara. Kofur ɗin da ya ɗauka ya saurara, ya ce a maimaita masa, sannan ya leƙa ofishin Sufeto yana sosa ƙeya.

"Yallaɓai, an kashe mutum a makarantar kareti ta bayan tasha."

"Da me?"

"Wai da iska."

Sufeto ya ɗago kai daga fayil ɗin da ke gabansa. "Wace iska kuma?"

"Wai malaminsu ne ya nuna shi da tafin hannu daga nesa. Ya faɗi, bai sake tashi ba."

Shekara ashirin da biyu Sufeto ya yi a wannan aiki. Ya ga kisa da wuƙa, ya ga kisa da sanda, ya taɓa ganin wanda aka kashe da dutsen guga. Kisa da iska ne bai taɓa cin karo da shi ba. Ya ɗauki hularsa ya ƙwalla wa Saje kira.

Tun a mota Saje ya kasa zama wuri ɗaya.

"Yallaɓai, Guguwa ne fa! Ba ka san Guguwa ba? Mutum biyar yake jerawa, ya buga ƙafa, ya yi tsawa, ya tura hannu haka, duk su zube. In kuma ya ga dama ya taɓa ka da yatsa ɗaya a ƙarƙashin kunne, sai dai a yayyafa maka ruwa. Bidiyonsa ya fi talatin a wayata."

"A cikin talatin ɗin, sau nawa ya kayar da wanda ba ɗalibinsa ba?"

Saje ya kawar da kai yana kallon titi har suka isa.

Makarantar tsohon sito ce aka share aka yi wa fenti. An shimfiɗa katifun roba shuɗaye a tsakiya, an jera kujerun 'yan kallo ta gefe ɗaya, madubi ya cika bango guda. Can ƙarshen zauren, inda katifu suka ƙare, akwai dakalin siminti da bai wuce tsayin tafin hannu ba, inda ɗalibai ke jera takalma. Hotunan Guguwa sun cika sauran bangon, kowanne da tafin hannunsa a gaba, wani yana faɗuwa ta baya.

An riga an tafi da gawar asibiti. Abin da Sufeto ya fara lura da shi ƙamshin sabulun wanki ne. Bakin dakalin da katifun da ke kusa da shi a jiƙe suke.

Guguwa yana zaune a kujera, ɗan tsamurmurin dattijo mai furfura, baƙar ɗamararsa ta koɗe saboda tsufa. Ɗalibai kusan ashirin sun durƙusa kewaye da shi, ba mai ɗaga ido. Sufeto ya tsaya yana kallonsu, kuma gaskiya abin ya ɗan sosa masa rai. Shi da yake da igiya a kafaɗa, kofur-kofur ɗinsa ko ƙafa ba sa saukewa daga benci in ya shigo.

"Kai ne malamin?"

"Ni ne. Ni na kashe shi." Dattijon ya miƙo hannuwansa biyu a haɗe. Idonsa ya yi ja, amma haɓarsa a sama take. "Ba sai ka wahalar da kanka da bincike ba."

"Wane ne mamacin?"

"Dogo. Ɗalibina ne, kuma mijin 'yata."

"Ka taɓa shi?"

"Ba na bukatar taɓa mutum. Taku shida ne tsakanina da shi. Yau hannuna ya yi nauyi, shi ke nan."

"Wa ya wanke wurin nan?"

Wani ƙato ya miƙe daga cikin masu durƙuso. Zai yi shekara arba'in da 'yan kai, faɗinsa ya kusa cika ƙofa, kuma a tsayi ma ba a bar shi a baya ba.

"Ni na sa aka wanke, Yallaɓai. Ba a barin ƙazanta a zauren Maigida."

"Kai fa wane ne?"

"Katanga ake ce mini. Ni ne mai tara. Duk wanda Maigida zai kayar, ni nake tsayawa a bayansa in cafe shi. Shekara goma sha tara ban taɓa barin ƙeyar kowa ta taɓa ƙasa ba."

"Yau fa?"

"Yau abin ya fi ƙarfina. Iskar ta ratsa ta jikin Dogo ta doke ni a ƙirji, ta jefar da ni gefe. Kafin in dawo hayyacina yana kwance."

Saje ya gyaɗa kai yana rubutawa, har da ɗan tsaki na tausayi. Sufeto ya sa aka rufe zauren, ya karɓi mukulli, ya tafi da Guguwa caji ofis.

Washegari da safe ya tarar da Likita a ofishinta na kusa da ɗakin ajiye gawa, tana shan shayi a tsaye.

"Zuciyarsa lafiya lau," in ji ta. "Huhu lafiya. Ƙirji babu ko tabo. Ƙeyarsa ce ta tsage, a miƙe, kamar yadda kaifin bakin siminti ke yi."

"Ba zai yiwu ya suma tukuna sannan ya faɗi ba?"

"Ka taɓa ganin wanda ya suma? Gwiwa ce ke fara lanƙwashewa, mutum ya sulale kamar buhun da ba a cika ba. Wannan a miƙe ya tafi, jikinsa a sandare. Duba gwiwar hannunsa, duba tafinsa. Babu ƙujewa ko ɗaya. Ko ɗan yaye in zai faɗi sai ya kai hannu."

"To me ya hana shi kai hannu?"

"Wannan kuma aikinka ne. Ni dai abin da na gani shi ne mutum idonsa biyu, da hankalinsa, ya saki jiki ya tafi ta baya. Ya tabbata akwai wanda zai tare shi."

Ta rubuta masa tsayin mamacin a takarda, ya ninke ya sa a aljihu.

Da ya koma caji ofis ya tarar babbansu yana jiransa da fara'a. Ga mai laifi ya amsa da bakinsa, ga shaidu sun fi arba'in, me kuma ake jira? A rubuta bayani, ya sa hannu, gobe da yamma a tura fayil kotu. Sufeto ya nemi kwana uku. Aka ce masa zuwa gobe da yamma, kuma ya gode.

Ya sa aka kawo Guguwa ɗakin tambayoyi. Ya ture tebur gefe, ya cire hula, ya tsaya a tsakiyar ɗakin.

"Malam, ga ni. Kayar da ni."

"Ba abin wasa ba ne."

"Na yafe maka jinina. Saje shaida ne."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. Ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya ja dogon numfashi. Ya buga ƙafa, ya yi wata tsawa da ta sa Saje ya manne da bango, ya turo tafin hannu.

Sufeto yana nan tsaye. Abin da ya motsa a ɗakin fanka ce kawai.

"Ka ɗora harshenka a ganɗa," in ji Guguwa. "Yana toshe hanyar."

"Harshena yana ƙasa. Ga shi."

"To takalminka ne. Roba tana shanye ƙarfin."

Sufeto ya cire takalmi har da safa. Aka sake. Sannan Guguwa ya matso ya danna masa yatsa a ƙarƙashin kunne, ya danna a tsakiyar damtse, ya murza a gefen wuya.

"Da zafi," in ji Sufeto. "Amma matata in ta mintsine ni ya fi haka."

"Zuciyarka a rufe take. Wanda bai yarda ba, abin ba ya kama shi."

"Ke nan ɓarawon da zai tare ka a hanya sai ya fara yarda da kai tukuna?" Sufeto ya jawo kujera ya zauna yana sa safa. "Bari in gaya maka inda muke. In ka sa hannu a takardar da ke cewa kai ka kayar da Dogo da gangan, gidan yari za ka, kuma a shekarunka ba lalle ka fito da ƙafarka ba. In ka ce mini ba ka iya kayar da kowa, zan nemo wanda ya kashe surukinka. Akwai shi."

Nan fuskar dattijon ta sauya. Sufeto ya zaci zai ga sauƙi a idonsa. Abin da ya gani kishi ne tsagwaronsa, irin na mai sana'ar da aka ce aikinsa na wani ne.

"Wa? Wa ya isa? Duk zauren nan wa ke da hannun da zai kayar da Dogo in ba ni ba?"

"Malam, kisan kai ake magana, ba lambar yabo ba."

"Shekara talatin ina gina sunan nan. Ba ɗan sandan da zai zo rana ɗaya ya ce iska ce kawai. Kawo takardar."

Sufeto bai kawo ba. Ya sa aka mayar da shi sel, ya ce a ba shi bargo.

Gidan Dogo ɗaki biyu ne a saman wani shagon ɗinki. Matarsa, wadda kowa ke kira Auta, ta bar masu gaisuwa a falo ta shigar da Sufeto da Saje ɗan ƙaramin ɗakin da ke ciki. An jingina wata tsohuwar katifa a bango.

"A kan wannan yake koyo," ta ce, ganin inda idon Sufeto ya tsaya. "Kullum da safe. Ni nake buga ƙafa in yi tsawa, ya ƙirga biyu a ransa, ya tafi ta baya."

"Ke nan kin san abin shiri ne?"

"Yallaɓai, a zauren nan na yi rarrafe. Ba wanda ya taɓa cewa shiri ne, ko a tsakaninmu. Sabon ɗalibi yana ganin manya suna faɗuwa, ranar da aka kira shi sai shi ma ya faɗi, don kada ya zama shi ne ya kunyata Baba. Tun Baba yana sane har ya manta. Yanzu wallahi ya yarda da kansa fiye da kowa."

"Me ya sa mijinki bai kai hannu ba?"

"Dokar zaure ce. Ba a waiwaye, ba a kai hannu, ba a lanƙwasa gwiwa. Wanda ya waiwaya ya nuna yana shakkar mai tara, wanda ya kai hannu ya nuna yana shakkar Baba. Mijina ya fi kowa kiyayewa, shi ya sa faɗuwarsa ta fi ta kowa kyau. Mutane don shi suke tafi."

"Babanki bai ji haushin haka ba?"

"Ya ji mana. Akwai ranar da ya ƙi cin abinci don wani ya ce Dogo ne ke ƙawata wasan. Amma yana sonsa. Makon jiya a gaban kowa ya ba shi mukullin zaure, ya ce shi ne magajinsa."

"Katanga yana wurin?"

Ta sa gefen mayafi ta goge ido.

"Yaya Katanga shi ya goya ni ina ƙarama. Ranar shi ya fara tafi, ya rungume Dogo. Amma da aka watse na gan shi a bakin famfo yana wanke fuska, ya daɗe yana wankewa."

"Yaya mai faɗuwa yake sanin inda zai tsaya?"

"Akwai salatif a kan katifa. Fari na sauran ɗalibai, ja na Dogo shi kaɗai. Saboda tsayinsa Baba ya auna masa nasa daban, taku biyar daga dakali, don ko an yi kuskure kansa ya sauka a katifa." Ta kama bakin ƙofa. "Yallaɓai, na rasa miji. Kada taurin kan Baba ya sa in rasa uba. Shi ba zai taɓa cewa bai iya ba, gara masa ya mutu a can."

Daga nan zauren suka wuce. Sufeto ya buɗe, ya kunna fitilu, ya cire takalmi. Jan salatif yana nan a manne, sabo fil, ko gefensa bai ɗago ba. Ya tsaya a bakin dakali ya fara ƙirga taku.

"Ɗaya, biyu, uku." Ƙafarsa ta sauka a kan jan. "Saje, ina sauran biyun?"

Ya ƙara taku biyu ya durƙusa. Ya shafa katifar da yatsa. Akwai ɗan layi mai danƙo, ƙura ta manne a kai, daidai faɗin salatif.

"Nan yake a da."

Ya zaro takardar Likita, ya aro tef ɗin awo a wurin mai gyaran taya na maƙwabta, suka auna daga sabon salatif zuwa kaifin dakali. Bambancin awon da tsayin Dogo bai kai faɗin tafin hannu ba. Saje ya sake aunawa da kansa.

"Saje, bidiyon jiya fa? Na san ba za ka rasa ba."

"Wani ɗan kallo ya turo mini, Yallaɓai. Sau goma na kalla. Babu komai, hannun Guguwa ne kawai ya tafi haka."

"Sau goma kana kallon hannu. Ɗora yatsanka a kan Guguwa, ka rufe shi gaba ɗaya. Yanzu kalli na baya."

Saje ya rufe. A ɗan allon wayar sai ga Dogo a tsaye, ido a lumshe. Bayansa ga Katanga, hannuwa a buɗe. Aka ji Guguwa ya ja numfashi. Katanga ya sunkuyar da kai ya dubi dakali, ya ja ƙafar hagu gefe, ya sauke hannuwansa. Sai bayan nan aka ji bugun ƙafa da tsawa.

"Iskar ta doke shi tun ba a turo ta ba," in ji Saje a hankali.

Suna cikin haka Katanga ya shigo, wai ya ga ƙofa a buɗe. Sufeto ya sa wayar a aljihu.

"Wa ke manna salatif?"

"Da ni ne. Amma tun da aka ba Dogo mukulli shi yake shirya zaure. Da hannunsa ya manna jiya."

"Ka gani?"

"Na gani."

"Ka ga ya matsar da shi kusa da dakali, ba ka ce komai ba?"

"Shi ne magaji, Yallaɓai. Ni wane ne da zan gyara wa magaji?" Ya faɗi kalmar kamar mai tauna tsakuwa.

Da ya fita Saje ya ce a kama shi kawai. Sufeto ya girgiza kai. Wanda aka ɗora wa laifin salatif ya mutu, ba zai musa ba. Bidiyo kuma lauya zai ce mai tara ya ji zuwan iskar ne tun kafin ta iso, kuma ga ɗalibai ashirin da za su rantse a kan haka, ga malaminsu yana rantsuwa a gabansu. Ya ce wa Saje ya sanar da kowa, gobe ƙarfe goma na safe za a maimaita wasan.

Ƙarfe goma zaure ya cika. Ɗalibai sun sa fararen kayansu sun durƙusa a layi. Auta tana zaune ita kaɗai a kujerun 'yan kallo. Aka shigo da Guguwa ba ankwa, aka ba shi ɗamararsa ya ɗaura.

"Malam ya ce shi ya kayar da Dogo," in ji Sufeto. "Katanga ya ce iskar ce ta jefar da shi. Ni kuma ban yarda ba, amma an ce mini zuciyata a rufe take. To a gwada a kan wanda zuciyarsa take a buɗe. Katanga, shekara goma sha tara kana zauren nan. Ka yarda da hannun Maigidanka?"

"Fiye da yadda na yarda da nawa."

"Zo ka tsaya a kan jan."

Katanga ya miƙe. Ya zo har gaban salatif ɗin ya tsaya.

"A kai na ce. Dugaduganka a kan layi, ka ba dakali baya."

Ya hau. "Wa zai tare ni?"

"Ba kowa. Ranar ma ai ba wanda ya tara. Kuma dokar zaure tana nan, ba waiwaye, ba kai hannu."

Tun a mota Sufeto ya gaya wa Saje ya tsaya taku ɗaya daga gefe, in ya ga Katanga ya karkata ya yi maza ya tare shi. Katanga bai san da wannan ba. Abin da ya sani shi ne tsayinsa da na Dogo kusan ɗaya ne.

Guguwa ya tsaya a wurinsa. Ya gyara ɗamara, ya ja numfashi, ya buga ƙafa, ya yi tsawa, ya tura hannu.

Katanga bai motsa ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Dattijon ya dubi tafin hannunsa, ya dubi Katanga. Ya matso taku biyu ya sake, wannan karon tsawar har ta shaƙe shi. Wani ɗalibi a layi ya lumshe ido ya sunkuyar da kai.

"Faɗi mana!" Guguwa ya daka masa tsawa. "Kai, me ka sa a bakinka? Faɗi!"

Sai Katanga ya yi abin da ba a taɓa yi a zauren ba. Ya waiwaya. Ya dubi kaifin dakalin, ya sauka daga kan salatif ɗin, ya ƙara taku biyu gaba.

"Me ka gani a bayanka?" in ji Sufeto. "Shekaranjiya iskar ta ratsa ta jikin mutum ta jefar da kai. Yau ta zo maka kai tsaye sau biyu, ko rigarka ba ta kaɗa ba. Kuma daga sauka sai ka tsaya daidai inda tsohon salatif yake. Wa ya nuna maka?"

Katanga ya dubi ƙafafunsa. Sannan ya yi wata 'yar dariya mara daɗin ji, ya nuna bango.

"Yallaɓai, dubi hotunan nan. Ƙirga su. Nuna mini fuskata a ɗaya. Hannuwana kawai za ka gani, a ƙarƙashin hammatar wani. Shekara goma sha tara ina kallon ƙeyar mutane. Ni na share sito ɗin nan, ni na yi fenti, ni na ɗauko katifun nan a kaina. Yaron nan ya zo shekara shida da suka wuce, bai iya ko ɗaura ɗamara ba, ni na koya masa. Ni na koya masa faɗuwar ma! Aka ba shi tafi, na yi shiru. Aka ba shi Auta, na yi shiru. Sai mukulli?"

Ya juya ga Guguwa.

"Maigida, ko sau ɗaya ka taɓa tambayar kanka me ya sa suke faɗuwa ba tsoro? Don ina baya ne. Ba hannunka ba ne, nawa ne. Duk garin nan sunanka ake kira, kai kuma ko na gode ba ka taɓa ce mini ba."

"Kai ka matsar da salatif?" in ji Sufeto.

"Ni ne. Da safe, kafin kowa ya zo. Na so ya ji yadda ƙasa take sau ɗaya, a gaban masu yi masa tafi."

"In ƙasa kawai kake so ya ji, janye hannu ya isa. Kai aunawa ka yi."

Katanga ya ce, "Na san Maigida zai ce shi ne. Na san ba zai bar wa kowa ba."

Saje ya zaro ankwa. Hannuwan sun yi kauri, sai a ramin ƙarshe ta kama. Da za su wuce ta gaban kujeru Katanga ya tsaya ya ce, "Ƙanwata." Auta ta kawar da kai, Saje ya tura shi gaba suka fita.

Ba wanda ya sallami ɗaliban. Ɗaya ya tashi ya ɗauki takalminsa a dakali, wani ya bi shi, sauran suka bi. Babu wanda ya durƙusa wa kowa a bakin ƙofa.

Sufeto ya jawo kujera biyu, ya ɗora takardar bayani a gwiwa, ya cire murfin biro. Guguwa ya zauna. Ya kwance ɗamarar, ya ninke ta a cinyarsa. A wannan zaman ba wanda zai ce ya taɓa tsorata kowa, tsoho ne kawai da bai yi barci ba kwana biyu.

"Malam, sai na ji daga bakinka kafin in sake ka. Kai ka kayar da Dogo?"

Sufeto ya jira, bai matsa masa ba.

"Rubuta," in ji Guguwa. "Ban kayar da shi ba. Ban taɓa kayar da kowa ba. Su suke faɗuwa don kada in ji kunya."

Ya karɓi biro ya sa hannu. Sannan ya juya wajen 'yarsa, ya miƙa mata hannun nan da aka cika bango da hotonsa.

"Auta, zo ki kai ni gida."

Ta taso. Ta kama hannun, ta ɗaga shi tsaye, ta gyara masa wuyan riga.

"Zan kai ka, Baba," ta ce. "Amma da ka faɗi maganar nan makon jiya, da yanzu mijina yana gida."

Ta riƙe shi suka fita a hankali. Sufeto ya ɓamɓare jan salatif ɗin, ya sa a ambulan, ya kashe fitilu ya kulle zauren.